Saƙon Abokin Zunnuraini

A tashar Gaya, cikin motar Ajingi da ke jiran ta cika, wata dattijuwa ta miƙa wa mutumin da ke gefenta waya.

"Malam, ka ga hoton ɗana Zunnuraini, karatu yake a Indiya. Nan bakin teku suka je hutu da abokansa. Yau zai taso gida."

"Ma sha Allah. Wannan mai baƙin tabarau fa, Hajiya?"

"Shi ke kai su yawo gari-gari. Yaron kirki. Har saƙo ya ba shi, jaka guda, ya kawo wa mahaifiyarsa a Kano."

"Ya buɗe ta?"

"Haba, Malam! Ana buɗe saƙon mutane? Da ya so ya ƙi karɓa, ni na yi masa faɗa. Na ce mu a garinmu Balan ba ma mayar da saƙo."

"Hajiya, kira shi yanzu. In ƙwaya ce a ciki, a filin jirgi ba ruwansu da mai jaka. Wanda ya riƙo ta suke kamawa."

Ta karɓi wayarta ta kira sau uku, tasa a kashe.

"Innalillahi. Ƙila dai ya shiga jirgi ne. Kai ina ka san wannan? An taɓa kama ka?"

"A'a. Ni ma na yi karatu a waje. Ni na ba wani yaro irin wannan jakar. Bana shekararsa bakwai bai dawo ba."

Ta janye gefen mayafinta daga jikinsa, ta sake danna lambar.