Itacen Da Sai Ya Shekara Bakwai

A wurin sayar da dashe a bayan garin Münster a Jamus, ina layi riƙe da madadin furen da na kashe. A gabana wani tsoho ya dire wa mai sayarwa ɗan itacen Winterblüte, wanda ba kowa ke shukawa ba.

"Baba, wannan fa sai ya shekara bakwai yake fure," in ji ta. "Ga wardi can, bana zai yi."

"Wardi kowane maƙwabci yana da shi. Wannan a tsakiyar sanyi yake ƙamshi."

"Shekarunka nawa?"

"Tamanin da uku. Likita ya ce saura biyu."

Ta dube shi.

"Kada ki damu, 'yata. Shekara ashirin ina zuwa wurinsa, bai taɓa yin komai a kan lokaci ba."

Ta naɗe masa tukunyar a hankali. "In bai yi fure ba, ka dawo da shi. Da kanka. Ba ma karɓa daga hannun magada."

"Ƙarfe nawa kuke buɗewa?"

"Tara."

Ya fito da ɗan littafi ya rubuta. Ni kaɗai na yi dariya, suka juyo suna kallona.