Bulus Aka Ɗauka a Tashin Ƙarshe

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, tare da masu sauraro. Sunana Sani, ni makanikin jirgin sama ne a nan Dubai.

Makon jiya kamfaninmu ya yi bikin sallamar wani katafaren jirgi mai hawa biyu da zai daina tashi. Na daɗe ina gyaran jirgin nan, tun kafin Bulus, abokin zamana a Satwa, ya zo ƙasar. Ni na koya masa aikin. Amma da aka tashi zaɓen makanikin da zai bi tashin ƙarshe, shi aka ɗauka. Jama'a sun cika bakin shinge suna ɗaukar hoto, ni ma ina cikinsu kamar baƙo.

Bidiyon ya kai har Zariya. Mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Na ga abokinka yana ɗaga hannu a ƙofar jirgi. Kai ba nan kake aiki ba?"

Wallahi tun ranar ko shayinsa ba na iya sha, shi kuwa bai sani ba, sai nuna mini hotuna yake. Hajiya, in faɗa masa abin da ke raina ko in yi shiru? Ɗaki ɗaya muke kwana.