Ƙwayoyin da Auta Ta Koya wa Rarrafe

Shugaban taro, shugabar wannan cibiya ta bincike, malamai da likitoci, iyayenmu da ke layin gaba, 'yan'uwa da abokan arziki, ina yi muku sallama. Na gode da kuka karrama ƙanwata, na gode da kuka ba yayanta dama ya ce wani abu. Ku kuna kiranta Dakta, mu a gida Auta muka sani.

Abu na farko, mafarin aikin. Mahaifinmu ya yi fama da ciwon suga, ya samu gyambo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa har aka yanke ƙafar. Auta ce ke wanke masa. Wata rana ta tambayi likitansa, "Me ya hana fatar haɗuwa?" Ya ce, "Ƙwayoyin halittar da ke bakin gyambon ne suka ƙi matsawa." Ta ce, "Saboda me?" Ya ce, "Wannan kam sai ki je ki gano mana."

Na biyu, ta tafi ganowa. Ta ƙirƙiri ƙwayoyin a kwamfuta, ta gindaya wa kowace ƙa'idarta: yaushe za ta rarrafa, yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya. Na taɓa leƙa ofishinta, na tarar da ɗigo-ɗigo suna motsi a fuskar kwamfuta, shayi ya huce a gefe. Ta ce, "Yaya, zauna ka ga 'ya'yana." Shekara da shekaru 'ya'yan nan suna karo da juna, gyambon kwamfutar ya ƙi rufewa. Mama takan tsokane ta: "Jikokin nan nawa na cikin gilashi, har yanzu ba su fara rarrafe ba?"

Da 'ya'yan suka fara rarrafe, abokan aikinta suka gwada lissafinta a kan ƙwayoyi na gaske, ƙwayoyin kuwa suka bi hanyar da ta ce za su bi. Baba bai ga wannan rana ba. Mama ta gani. Ta zauna ta kalli gyambon kwamfutar yana haɗuwa a hankali har ya rufe, sannan ta ce, "Auta, sake kunna mini."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa wannan ilimi ya kai ga masu jinya, Ya ƙara wa masu binciken haƙuri, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode da kuka saurare ni.