Ranar da Inna Ta Hau Takarkari

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai, mai kora girgije zuwa ƙasar da ya ga dama. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, ardo-ardo da sarakunan noma, sarkin ruwa da masu fiton da ke ƙetarar da mu gulbi, iyayena mata da kuka taru can gefen inuwa, 'yan uwa da kuka taso daga Anka da Bukkuyum, da mu masu masauki na nan Gummi: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga waɗanda suka kira wannan taro tun kafin ruwan fari ya sauka, ina kuma godiya da aka ba ni dama in tsaya gaban manya. Sunana Bara'atu, malamar Islamiyya ce ni a unguwarmu ta bakin gulbi. An ce in yi magana kan tsare rai a lokacin damina, ni kuwa abin da na sani a kan haka, a tsakar gidan mahaifiyata na koye shi.

Jama'a, wa ke ƙin damina? Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san ƙamshin ƙasa idan ruwan fari ya taɓa ta. Ya san yadda gabas ke yin baƙi-ƙirin da la'asar, iska mai sanyi ta riga ruwa isowa, gero ya kwanta ya tashi kamar masu sahu. Damina rahama ce. Sai dai ruwan da ke raya gona shi ne ke jiƙa gindin bango, kuma ba kullum yake zuwa da ƙara ba.

Wata damina da ta wuce, sama ta yi kwanaki tana zuba. Ranar da nake ba ku labari kuwa ruwa ya ɗauke, rana ta fito fes. Amma gulbi ya riga ya cika da ruwan da aka yi a can nesa, inda ba mu gani ba. Rediyo ta faɗa, mai shela ya zagaya: kowa ya bar bakin gulbi ya hau tudu. Maƙwabta suka ɗaure kaya suka tafi. Inna Atine, mahaifiyata, ta zauna bakin gadonta a ɗakin ƙasar da marigayi mahaifinmu ya gina mata da hannunsa.

Na ce, “Inna, ki taso mu tafi.”

Ta ce, “Ba ni tahiya ko'ina, ɗiyata. Nan aka kawo ni amarya, nan na haihe ku. Ɗakin ga ya ga ruwan da ya fi wannan.”

Bayan azahar ruwan ya shigo gida. Bai yi gudu ba, bai yi ƙugi ba. Ta ƙarƙashin ƙofa ya silalo, ya shimfiɗu a tsakar gida har ta koma madubi. Na sunkuya na ga sararin sama a ƙarƙashin ƙafata, da farin girgije yana ratsawa ta gindin turmi. Ƙwarya ta tashi tana juyi a hankali. Takalman Inna suka bi juna suka fice ta zaure kamar an aike su. Ƙananan kifaye suna wasa a cikin murhu. Wallahi abin yana da kyau, kyawun da ke sa mutum ya tsaya kallo ya manta da kansa. A wannan lokacin kuwa bangon ɗakin yana shan ruwa, duhun laima yana hawansa daga ƙasa.

Ina tsaye na rasa abin yi, sai na ji sallama. Hindu ce, Bafillatanar da ke kawo wa Inna nono tun suna 'yan mata, tare da mijinta Maccido. Daga rugarsu ta kan tudu suka gangaro, suna jaye da farin takarkari.

Maccido ya tsaya bakin ƙofa ya ce da harshensu, “Ndiyam wari,” wato ruwa ya iso.

Hindu ba ta roƙi Inna ba, ba ta yi mata wa'azi ba. Ta shiga ɗakin, ta tattara zanenta, ta ce, “Matsa mani, Atine. Tun da ba ki tashi, ni ma na zamna.” Ta zauna kusa da ita, ƙafafunta cikin ruwa.

Can Inna ta ce, “Ke Hindu, kina da jikoki.”

Hindu ta ce, “Ke ma kina da su.”

Inna ta daɗe tana duban ƙafafun ƙawarta. Sannan ta miƙa mini hannu. Carbin mahaifinmu kaɗai ta ɗauka. Muka ɗora ta bisa takarkari, Maccido a gaba yana taɓa ƙasa da sanda kafin kowane taku, ni da Hindu muna riƙe da ita hagu da dama. Haka muka ratsa unguwa, ba motsin kowa sai ƙarar ruwa a ƙirjin takarkarin, tsohuwa tana tafe a bisa kamar tana yawo a tsakanin sama biyu. Muka isa tudu kafin hadarin yamma ya haɗo.

Daga wannan rana na riƙe abubuwan da nake roƙon ku riƙe tare da ni.

Na farko, idan an ce a tashi, a tashi tun ruwa yana idon sawu, tun ido yana ganin hanya. Kada hasken rana ya ruɗe mu, kada shirun ruwa ya ruɗe mu. Hatsi a kai shi tudu tun yau, a gyara magudana, a duba gindin bango.

Na biyu, kuma nan zan fi daɗewa, tsofaffinmu. Ba taurin kai ke zaunar da su ba. Rayuwarsu ce gaba ɗaya a cikin ɗakunan nan. Ni 'yar Inna ce, na yi magana ba ta ji ba; ƙawarta ta zauna kusa da ita, ta tashi. Kowane tsoho yana da wanda yake jin nauyinsa. Ku neme shi tun yanzu, ku san gidansa, ku san wanda zai kira shi. Kada ku bari sai ruwa ya shigo.

Na uku, ruwa mai gudu ba a gwada shi da ƙafa ko da babur, ko da ƙoramar da ka saba ƙetarewa ce. Masu fito, idan jirgi ya cika ya cika, wanda ya rage ya jira. Makiyaya da manoma, idan ana walƙiya ku nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili. Iyaye mata, rijiyar da ambaliya ta shiga, a tafasa ruwanta kafin a sha.

Da ruwa ya janye, muka koma da Inna ta ga gida. Ɗakin ya zube. Bangon gabas ya kwanta a kan gadon, daidai inda su biyun suka zauna. Inna ta tsaya jingine da kafaɗar Hindu, ba ta yi kuka ba. Ta dubi tarin ƙasar nan, ta ce a hankali, “Ni dai na san ɗakin ga. Ashe shi bai san ni ba.”

Yau tana nan da ranta, ga ta can cikin iyaye mata, Hindu na gefenta.

Ya Allah, ka ba mu damina mai albarka, ruwa mai amfani ba mai ɓarna ba. Ka cika rumbunanmu, ka ƙosar da dabbobinmu, ka tsare masu ƙetare gulbi da masu kwana a ɗakin ƙasa. Ka ji ƙan waɗanda ruwa ya tafi da su, ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka ba kowannenmu maƙwabcin da zai gangaro dominsa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.