Agwagwar Daji a Gonar Masakwa

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Sani ne daga Jambutu, Garwa. Bana na gama karatun noma.

Ranar da za mu ƙona ciyawar gonar kawuna ta masakwa, wato dawar rani, na tarar da sheƙar agwagwar daji cike da ƙwai. Kawu ya ce, "Injiniya, kawo mu soya, wuta za mu sa!" Na roƙe shi, na sa shebur na ɗebo sheƙar har da ƙasarta, na kai duhuwar bakin kogi. Kullum ina leƙawa daga nesa.

Jiya, wallahi da idona na gani, uwar ta gano sheƙar, har ta ƙyanƙyashe! Amma shaho ya fara shawagi. Jama'a, in yi wa 'ya'yan rumfa, ko in bar wa uwarsu?