Gurbin Iya Gumsu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Baba Kura. Wakilan iyayen ƙasa. Malamai abokan aikina. Iyayenmu mata da ke zaune can gefe. Matasan Kazaure, da na Roni, da na Gwiwa, da mutanen Babura da suka cika bas suka zo. Assalamu alaikum warahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana, ina kuma godiya gare ku da kuka bar gona, kuka bar kasuwa, kuka zo ƙaddamar da sabon wasan gem na Kamfanin Langa. Ga wanda bai san ni ba, sunana Ɗayyabu, na koyar da kwamfuta a garin nan har gemuna ya yi fari. Musaddiƙ da Ashiru, waɗanda suka kafa kamfanin, ɗalibaina ne. Kunnuwansu sun san yatsuna. Shi ya sa suka ɗora mini shugabancin kwamitin zaɓen jaruman wannan wasa. An ce in yi jawabin murna. To, ku yi haƙuri da ni, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu na farko, abin da aka sa mu. Wasan nan mai suna Gumurzu wasan faɗa ne. An ce mu bi duk wasannin da kamfanin ya taɓa yi, mu tsamo jarumi ɗaya daga kowanne, a tara su a fage guda su kara, domin wanda ya duba allon zaɓe ya ga tarihin gidan nan tun daga tushe. Mun ɗauko Ɗan'azumi ɗan acaɓa daga wasan tsere. Mun ɗauko Maikasuwa, dillalin shanun Babura, da sandarsa. Mun ɗauko Zara mai majajjawa, wadda ke korar tsuntsu a gonar gero. Waɗannan ba su ba mu wahala ba, dama can da makami a hannunsu muka same su.

Abu na biyu shi ne wanda ya hana ni barci. Duk wanda ya riƙe waya a yankin nan ya san wasan da kamfanin ya fara da shi: wata dattijuwa da ƙwaryar ƙuliƙuli a ka, tana tsallaka titi ranar kasuwa, kai kuma aikinka ka kai ta lafiya, kada babur ya taɓa ta, kada ƙwarya ta faɗi. Iya Gumsu ke nan. Ba ƙagaggiya ba ce, mahaifiyar Musaddiƙ ce, tana nan Roni da ranta. Wanda ya zana ta kuma Ashiru ne, wanda ya tashi yana cin tuwonta a kwano ɗaya da ɗanta. Da muka nemi ra'ayin jama'a, ita ta zo kan gaba, ba ma kusa. Muka yi ta murna, aka ba ta ludayi da muciya, aka tura ta fage. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wallahi wannan karon babban ma bai hango komai ba.

Muka kai wasan gwaji wani gidan gem a Babura. Akwai wani ƙaton matashi, Shafi'i, wanda ba a cin sa a faɗan gem. Aka haɗa shi da Iya. Sai ya tsaya, ana ta zuba masa muciya, ya ƙi danna komai. Na ce, "Kai Shafi'i, rama mana!" Ya ajiye abin dannawa, ya dube ni, ya ce, "Haba Malam! Shekara nawa ina tsallakar da ita titi, yau kuma in kai mata naushi? Ni ba da ni ba." Haka duk ɗakin suka yi. Duk wanda ya ɗauki Iya shi ke cin wasa, don ba mai ɗaga mata hannu.

Ita wannan dariya muka yi mata. Wadda ba ta dariya ba ta biyo baya. Gwajin ya fita zuwa garuruwan da ba su san ta ba. Wasu suka ɗauki bidiyo suna tamaula da tsohuwa, ƙwarya na tashi sama, suna sheƙa dariya. Bidiyon ya zaga, har ya faɗo wayar ɗanta.

Musaddiƙ ya zo gaban kwamiti idonsa jawur, ya ce, "Malam, uwata ce." Ashiru ya miƙe ya ce, "Ni ma uwata ce. Ita ta fara gidan nan. A tara kowa a bar ta a waje, sannan a kira shi tarihi?" Jama'a, ku gaya mini wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ɗaya yana kare mutuncinta, ɗaya yana kare sunanta. Ɗaya ba ya son a taɓa ta, ɗaya ba ya son a manta da ita. Mu kuwa gaba kura, baya siyaki. Kwamiti ya cire ta. Ashiru ya kwashe kayan zanensa ya koma Kano, tun daga ranar magana ba ta sake haɗa su ba. Mun tara jarumai don su yi faɗan wasa, faɗan gaske ya tashi a cikin gida. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Abu na uku gajere ne. In kun buɗe wasan, za ku ga gurbin farko a allon zaɓe babu kowa, sai ƙwarya a ajiye. Ba kuskure ba ne. Mun rasa wanda ya isa ya zauna a wurin.

Kafin taron nan na je Roni in ba Iya haƙuri. Na durƙusa, na yi ta zuba bayani kamar ina aji. Ta bari na gama, ta ce, "Malam, ni da aka doke ni a waya ban ji zafi ba, da aka cire ni ma ban sani ba. Amma yaron nan Ashiru, ko sallah bai zo ya ci tuwo ba. Me kuka yi masa?" Na dawo gida da wannan tambaya, har yau kuma tana raina.

Saboda haka, Musaddiƙ, ga ka nan a gabana, ɗago kanka. Ashiru, na san akwai mai ɗaukar wannan taro a waya, kuma na san halinka, za ka kalla. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma baki ɗaya suke kwana. Ban ce ku dawo don kamfani ba, ban ce don Gumurzu ba. Tsohuwar nan tana bakin titi, tana jiran ku biyu, kuma shekarunta ba sa jiran kowa. Ku je ku tsallakar da ita.

Allah Ya daidaita tsakaninsu. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah Ya sa albarka a wannan aiki, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.