Telan da Aka Aiko wa Nesta

A wani shagon yadi a Carmarthen, Idwal Prosser, tsohon direban bas, yana tsaye a layi rungume da bargon ƙyallaye da ba a gama ba. Ya juya wajen matar da ke bayansa.

"Baiwar Allah, keken gidanmu ɗinki iri sittin gare shi. Da wanne ake bin bargo?"

"Na farkonka ne, Baba? Yi miƙaƙƙe."

"Miƙaƙƙen ma uku na gani. Ga wani kamar haƙorin zarto, ga wani kamar tafiyar maciji. Na gwada lamba tara, yadin ya tattare."

"To wa ya haɗa ƙyallayen nan? Wannan ba hannun ɗan koyo ba ne."

"Matata, Nesta. Keken ma nata ne."

"Ka tambaye ta mana."

"Na tambaya. Ran Talata ta ce na macijin. Jiya kuma ta dube ni, ta ce ko ni ne telan da aka aiko."

Matar ta shafa bakin bargon.

"Yi na macijin, a hankali. Me ka ce mata?"

"Na ce ni ne. Ta ba ni kwana uku in gama."